Yadda Wasa Ke Rikiɗewa Ya Zama Aiki: Ƙosawar Masu Dungeons & Dragons da Hanyoyin Dawo da Daɗinsa

Ta yaya mutum zai gaji da wasa? Wanda bai taɓa yi ba zai ce, to ka bari mana, wa ya ɗora maka? Amma a tsakanin masu wasan labari na kan tebur, musamman a Amurka da Turai inda ya fi karɓuwa, wannan koke ne da ba ya ƙarewa. Mutum ya yi shekaru yana ɗokin daren Juma'a ya zo a zauna, sai ga shi yau an turo saƙo cewa an fasa zama, maimakon ya ji haushi sai ya yi ajiyar zuciya. Mafi yawan masu wannan koke kuwa jagororin wasan ne, waɗanda in sun janye tebur ya watse. Ƙarancinsu ya kai har akwai dandali irin StartPlaying inda 'yan wasa ke biyan jagora kuɗi a kowane zama.

Wane irin wasa ake nufi?

Mutum huɗu zuwa shida ne ke zama a kewayen tebur. Kowa yana riƙe da jarumi ɗaya wanda ya ƙirƙira, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da dabararsa da kayan da yake ɗauke da su. Mutum ɗaya shi ne jagora: shi ke bayyana duniyar da ake ciki, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo, shi ne kuma alƙalin ƙa'idoji. Kamar mai ba da tatsuniya ne wanda masu sauraronsa ke da ikon cewa, "A'a, ni ba zan bi ta ƙofa ba, ta taga zan shiga." Idan ana shakkar ko abin zai yiwu, sai a jefa dayis, irin ɗan lido amma mai fuska 20, abin da ya fito shi ke yanke hukunci.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ta hannun kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, kuma shi ne mafi shahara a irin waɗannan wasanni. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. Bugu na biyar da ya fito a 2014 shi ya jawo sababbin mutane da yawa, sai Critical Role, shirin da ake nuna wasu suna buga wasan, wanda aka fara yaɗawa a intanet a 2015, da kullen korona na 2020 suka ƙara wa abin wuta. Zama ɗaya yakan ci awa uku zuwa huɗu. Labarin da ake ɗaurawa daga zama zuwa zama, wanda za mu kira doguwar tafiya, yana iya cin shekara biyu ko fiye.

Gajiya daban, ƙosawa daban

A shekarar da wasan ya fito, 1974, masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya rubuta bayani kan abin da ya gani a jikin 'yan sa-kai na wani asibitin kyauta a New York: mutanen da suka shigo da zafin nama, bayan wani lokaci suka koma kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Wannan hali shi ne ƙosawa, burnout a Turance. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Christina Maslach, ta zo ta rarraba abin gida uku: ƙarewar kuzari, sanyin zuciya ga mutanen da ake yi wa hidima, da jin cewa ƙoƙarin mutum ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce, al'amari ne da ya shafi wurin aiki kaɗai.

Wannan sharaɗi na hukumar shi ne bakin zaren. Idan alamomin da aka ware wa wurin aiki suna bayyana a jikin mai wasa, ma'anarsa wasan ya riga ya zama masa aiki, aikin da babu albashi, babu hutun shekara, babu wanda zai karɓe shi in ya kwanta ciwo.

Rarrabe su ba wuya. Mai gajiya in ya yi barci, ya tsallake mako ɗaya, sai ya dawo da ɗokinsa. Wanda ya ƙosa kuwa ko ya huta wata guda, da ya ga littafinsa na shiri sai gabansa ya faɗi. Yana jin haushin 'yan wasan da bai taɓa jin haushinsu ba. Yana tashi daga zaman da kowa ya yi dariya, shi kuma abin da ya tuna kawai shi ne sunan mai masaukin cikin labarin da ya manta.

Inda nauyin ke taruwa

Na farko shi ne rabon aiki. Ɗan wasa yana zuwa da takarda ɗaya da fensir. Jagora yana zuwa da taswira, da lissafin dodanni, da sunayen mutanen gari, da abin da ya faru zama bakwai da suka wuce wanda kowa ya manta sai shi. Littattafai uku na bugun 2014 sun kusa shafi 1,000 idan an haɗa, kuma al'adar tebur ita ce jagora ne ake sa ran ya san su. A tebura da yawa kuma shi ne mai gida, shi ke tuna wa mutane rana, shi ke sayen abin taɓawa, shi ke sasanta biyun da suka yi cacar baki. Ayyuka huɗu ko biyar ne aka ɗora wa mutum ɗaya don kawai shi ya fara cewa "ku zo mu yi wasa".

Na biyu shi ne shirin da ake zubarwa. A ce jagora ya kwashe daren Talata da na Laraba yana zana birni: unguwanni shida, ƙungiyar ɓarayi, sarauniyar da ke ɓoye wani sirri. Ranar zama, ɗaya daga cikin 'yan wasan ya ce, "Wai jirgin ruwan nan da ka ambata a bakin gaɓa, na wane ne? Mu sace shi." Sauran suka yi shewa. Birnin ya tafi a banza, jagora kuma ya shiga ƙirƙirar teku daga kansa. Ba laifin 'yan wasan ba ne, don 'yancin nan shi ne daɗin wasan. Kuskuren yana cikin irin shirin: an rubuta labari mai layi ɗaya ga mutanen da ba su karanta shi ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi kashe doguwar tafiya, shi ne haɗa lokaci. Lissafi ne mai sauƙi. A ɗauka mutum shida ne, kowannensu yana samun zuwa sau 9 cikin 10, wanda ga mai aiki da iyali ƙoƙari ne babba. Idan dokar tebur ita ce sai kowa ya cika, damar a zauna ba ta wuce kashi 53 cikin 100 ba. Kusan rabin zaman za a fasa, alhali babu wanda ya yi sakaci. Jagora kuwa ya riga ya yi shiri, kuma mako biyu nan gaba sai ya sake karanta shi don ya huce.

Na huɗu yana cikin ƙa'idojin kansu. Jarumi a Dungeons & Dragons yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 20, kuma duk hawa yana ƙara masa sihiri da dabaru. Faɗan da ake gamawa cikin minti 20 a mataki na 2 yakan ci rabin zama a mataki na 12. A lissafa: 'yan wasa biyar, kowa minti biyu, jagora minti biyar don dodanninsa, zagaye ɗaya ya ci minti 15. Zagaye huɗu awa guda kenan, a cikin labarin kuwa daƙiƙa 24 ce kawai ta wuce, tunda zagaye daƙiƙa shida ne. A cikin awar nan kowane ɗan wasa minti takwas ya yi yana wasa, sauran 52 jira ne. A nan ne wayoyi ke fitowa daga aljihu, jagora ya ɗaga kai ya ga ana latse-latse, ya ɗauka shi ne ya gaza. Littafin jagora na 2014 kuma ya gina lissafinsa a kan faɗa shida zuwa takwas a rana ɗaya ta cikin labari, adadin da tebura kaɗan ke iya kaiwa, don haka auna ƙarfin dodanni yakan zama ciwon kai na daban.

Sai kwatance. Matthew Mercer, jagoran da Critical Role ya shahara da shi, ƙwararren mai sanya murya ne a finafinan zane da wasannin kwamfuta, haka ma abokan zamansa, kuma akwai ma'aikata a bayansu. Sabon ɗan wasa ya kalli wannan, ya zo teburin abokinsa akawu yana jiran irinsa. Sau da yawa ma ba 'yan wasan ne ke kwatantawa ba, jagoran ne ke auna kansa da mudun da ba nasa ba.

Komawa intanet lokacin korona ya rage wahalar tafiya amma ya ƙara ta shiri. A kan manhajojin buga wasan ta intanet irin Roll20 ko Foundry ana loda taswira, a zana katanga, a daidaita haske, a yanka hoton kowane dodo. Abin da alli da takarda ke yi cikin minti biyu ya koma aikin awa guda. Kuma da yake mutum ɗaya kaɗai ke iya magana a lokaci guda, 'yar hirar gefe da dariyar da ke ciyar da jagora sun ragu.

'Yan wasa ma suna ƙosawa

Nasu ya fi sauƙi amma yana nan: jarumin da aka riƙe shekara biyu har ya gundure su, labarin da ba a ga ƙarshensa, ko tebur da mutum ɗaya ya mamaye da surutu. Alamarsa ita ce zuwa a makare da manta abin da aka yi a zaman baya. Maganinsa yawanci barin jarumin ya yi ritaya a cikin labari, a ɗauko sabo.

Hutu, sauya wasa, ko sauya tsari?

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a huta. Tana da amfani, amma tana da rauni biyu. Hutun da ba a sa masa ranar dawowa ba yakan zama mutuwar tebur, don daren Juma'ar kowa yana cika da wani abu. Wanda kuma ya huta ya dawo kan tsarin da ya gajiyar da shi, an gudu ne ba a tsira ba.

Wasu na cewa laifin Dungeons & Dragons ne, a bar shi. Wannan murya ta ƙara ƙarfi a Janairun 2023, lokacin da Wizards of the Coast ya yi yunƙurin sauya lasisin da ke bai wa ƙananan mawallafa damar amfani da ƙa'idojinsa, jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye. Mutane da dama sun gwada wasu wasanni a lokacin. Akwai gaskiya a maganarsu, amma wanda ya bar shi ya koma Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ƙa'idojinsa ba su fi sauƙi ba, in nauyin ƙa'ida ne ciwonsa bai sauke komai ba. Wanda kuma haɗa lokaci ne matsalarsa, ko wane wasa ya ɗauko zai tarar da ita tana jiransa.

Masu cewa a biya jagora suna da hujjar cewa aiki ne, a girmama shi. Sai dai akwai tsohon bincike da ya kamata a tuna. A 1973 masanin halayyar ɗan Adam Mark Lepper da abokan aikinsa sun gwada yaran da ke son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin lada kafin su zana, daga baya sun rage yin zane don kansu. Kuɗi na iya biyan wahalar jagora, amma yana mai da abokan tebur kwastomomi, kuma ba a cewa kwastoma "yau ban shirya ba, mu yi hira kawai".

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara gano wane ɓangare ne ke ciwo. Tambaya ɗaya tana raba gardama: wane lokaci ne nauyin ke sauka a ƙirji? In kafin zama ne, shiri ne. In ana cikin zama ne, ƙa'idoji ne ko mutanen tebur. In lokacin da ake tura saƙonnin "wa zai samu zuwa" ne, tsarin lokaci ne.

Rage shiri

A sa wa shiri iyaka da agogo: awa ɗaya ga zaman awa uku, in ta cika a rufe littafi. Mike Shea, wanda ya yi suna a kan wannan fanni, yana da tsari mai matakai takwas da ke shiga shafi ɗaya: a sake duba jaruman, a tanadi buɗewa mai zafi, a jera fagagen da ka iya faruwa, a rubuta sirrika da alamu goma, a zaɓi wurare masu ban mamaki, da mutanen da za a haɗu da su, da dodanni, da ladar da za a samu. Mataki na huɗu ya fi kowane amfani, saboda sirrikan ba a ɗaure su da wuri. In an rubuta "waziri ne ke biyan 'yan fashi", ana iya gano hakan a wasiƙa cikin fada, ko daga bakin matuƙin jirgin da aka sace. Duk inda 'yan wasa suka nufa, shirin yana biye da su.

Wani marubuci a wannan fanni, Justin Alexander, ya kawo ƙa'idar alamu uku: duk abin da ake so 'yan wasa su gano, a ajiye masa hanya uku, don za su wuce ta farko, su yi wa ta biyu mummunar fahimta. Wannan yana hana zaman da ake kwashe awa biyu ana zagaye a bakin ƙofa ɗaya.

Birnin da aka zubar kuma ba a yar da shi. A sauya masa suna, a ajiye shi a tsibirin da jirgin zai tsaya.

Gyara lokaci da raba aiki

A tsayar da rana ɗaya, a daina zaɓe kowane mako. A kuma kafa doka: in jagora da mutum uku cikin biyar sun samu, a zauna. Da lissafin ɗazu na sau 9 cikin 10, damar zama tana tashi daga kashi 53 zuwa kusan 89. Jarumin wanda bai zo ba ya koma gadin dawakai, babu buƙatar dogon bayani.

Akwai tsarin da ya fi wannan tsauri, wanda Ben Robbins ya bayyana a 2007 da sunan West Marches. 'Yan wasa sun haura goma, babu ranar dindindin. Su ne ke haɗa kansu, su zaɓi rana, su gaya wa jagora tun da wuri inda za su nufa a taswira, shi kuma ya shirya wurin kaɗai. Kowane zama yana farawa a gari ya ƙare a gari. Rauninsa shi ne in 'yan wasan ba masu himma ba ne, babu wanda zai kira zama.

Sauran ayyukan a raba su da suna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya ya riƙe kalanda. Wani ya rubuta taƙaitaccen abin da ya faru, ya karanta a farkon zama na gaba. Wani ya riƙe jerin wanda ke bin wane a faɗa, yana sanar da na gaba ya shirya, wanda shi kaɗai yana rage mintuna masu yawa. Wanda ya fi son gardamar ƙa'ida a ba shi littafin, shi ne mai dubawa. In gardama ta wuce minti ɗaya, jagora ya yanke, a duba bayan an tashi.

A ƙarshen zama a ware minti biyar: kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da yake so ya gani nan gaba. Na farkon yana magance jin cewa ƙoƙari ba ya haifar da komai, na biyun kuma rabin shirin mako mai zuwa ne kyauta.

Ɗanɗana wani tebur

Doguwar tafiyar da ba ta da ƙarshe ita ce ta fi cinye mutane. A yanka ta zango-zango, zama shida zuwa goma, kowane zango da ƙarshensa. Tsakanin zango da zango a saka wasan zama ɗaya, kuma wani ya ja. Jagoran da ya shekara uku bai riƙe jarumi ko sau ɗaya ba ya manta abin da ya kawo shi.

Wasannin da suka dace da wannan suna da yawa. Fiasco na Jason Morningstar, 2009, ba shi da jagora kwata-kwata: mutum uku zuwa biyar, babu shiri, a gama cikin awa biyu zuwa uku. Lasers & Feelings na John Harper da Honey Heist na Grant Howitt duk ƙa'idojinsu shafi ɗaya ne; a na biyun kowa dabbar beyar ce da ke shirin satar zuma, kuma da wuya tebur ya tashi ba a yi dariya ba. Apocalypse World na 2010 da wasannin da aka gina a kansa suna amfani da dayis biyu masu fuska shida: 10 zuwa sama nasara, 7 zuwa 9 nasara mai tsada, 6 zuwa ƙasa matsala. Jagora ba ya jefa dayis, kuma an hana shi tsara ƙarshen labari tun kafin a zauna. Blades in the Dark na 2017 ya cire doguwar shawarar da 'yan wasa ke yi kafin fashi: ana faɗawa ciki kai tsaye, in an ci karo da mai gadi sai ɗan wasa ya ce "ai jiya na ba shi cin hanci", a koma baya a buga wannan fage. Wanda mutanen ne suka gajiyar da shi kuwa, Ironsworn na Shawn Tomkin ana yin sa mutum ɗaya, kuma ana samun sa kyauta a intanet.

Abin da ke lalacewa a nan shi ne jagora ya ɗauko sabon wasa mai shafi 400 ya ce hutu yake. Ya ƙara wa kansa karatu ne.

Idan za a rufe tafiyar, ko kuma ba wasan ba ne

Wani lokaci labarin ne ya mutu. Gara a faɗa a fili: "Saura zama uku mu rufe." A tambayi kowane ɗan wasa abu ɗaya da yake so a warware wa jaruminsa, a tsallake duk abin da ba ya cikin jerin, a bar kowa ya ba da labarin inda jaruminsa ya ƙare bayan shekara goma. Tebur da aka rufe haka yakan sake haɗuwa. Wanda aka bari ya bushe da "sai mun ga yadda wata mai zuwa zai kasance" da wuya ya tashi.

In hutu za a yi, a sa masa rana: mako shida, ranar kaza za a dawo, kuma a ci gaba da haɗuwa a daren da aka saba ko da karta za a buga, don kada daren ya ɓace.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a lura da ita. In rashin sha'awar bai tsaya kan wasa ba, ya taɓa abinci da barci da aiki da zumunci, kuma ya wuce mako biyu kusan kullum, wannan yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa wajen gano ciwon damuwa mai tsanani. Sauya dayis ba zai taɓa shi ba, wurin likita ake kai shi.